Ranar da Muka Binne Littafin Kaka

Ina farawa da sunan Allah, wanda ba Ya mantuwa, ina kuma neman gafararSa, domin laifin da ke cikin wannan labari nawa ne. Da hannuna na binne littafin kakana a bayan gidanmu na Garwa, da alwalata, ina ganin aikin lada nake yi.

Kakanmu falke ne. Ya taso daga ƙasar Kano da jakuna, da turkuɗi da kanwa, ya yi ta zuwa yana komawa har ya yi aure a bakin Binuwai ya zauna. Da tsufa ya hana shi tafiya sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya rubuta abin da ya gani. Ya iya Larabci, amma da Hausa ya rubuta, da ajami. A garin nan modibbai, wato malaman Fulani, suna rubutu da Larabci da Fulatanci, gwamnati tana yi da Faransanci, Hausa kuwa ta ciniki ce, ana faɗar ta a kasuwa iska ta ɗauke. Ban taɓa ganin littafi irin nasa a hannun kowa ba.

Warƙoƙi ne sake-sake, ba ɗinki, ba lamba, kaurinsu ya kai yatsu uku, a cikin gafaka ta jar fata. Akwai sunayen zango-zango da rijiyoyin hanya, da dangin da ya baro, da magungunan jakuna, da addu'o'in tafiya, da ayoyi nan da can. A gefen wata warƙa, da jar tawada, ya rubuta ranar da aka haifa masa autarsa, ya yi mata doguwar addu'a. Wannan auta ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan mijinta ya rasu. Ba ta iya karatun ajami ba. Duk Juma'a bayan la'asar nakan karanta mata wani yanki, kuma kullum sai mun ƙare da warƙarta.

Littafin ya zo hannuna ne da mahaifinmu ya rasu, a shekarun da aka fara rigimar jam'iyyu. Yayana shi ne babba, amma shi ɗan kasuwa ne, mai sayar da atamfa, ni ne na zauna gaban malamai. Ya ce, "Malam, ga amanarka. Ni in ka ba ni, da shi zan naɗe wa mata yadi."

Shekara da shekaru yana nan lafiya. Sai wata damina kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shigo unguwarmu ta Pumpumre, ya kwana biyu a ɗakina. Adakar ƙarfen da littafin ke ciki ba ta nutse ba, amma danshi ya shiga, gara ta biyo baya. Da na buɗe, sai na tarar gefen warƙoƙin ya zama kamar gari. Rubutun yana karantuwa har yanzu, amma duk lokacin da na ɗaga warƙa sai wani ɗan guntu ya faɗo. Wata rana na tsinci guntu a kan tabarma, kusa da inda ake cire takalma, na duba, sai na ga sunan Allah ne a jiki. Wa ya san nawa aka riga aka taka, nawa aka share zuwa juji?

A wannan shekara ce wani malamin jami'a ya zo daga Marwa. Mutum ne mai ladabi, yana bi gida-gida yana neman tsofaffin takardu don ya ɗauki hotonsu. Limaminmu ne ya turo shi wurina. Ya kafa kyamara a kan ƙafafu uku a zaurenmu, ya sa farar safar hannu, muka yi kwana uku, ni ina juya warƙa shi yana ɗauka. Yana nuna mini kowane hoto a jikin kwamfutarsa, harafin Kaka ya fito ƙato, har inda alƙalami ya yi tsartuwa ana gani.

Yaya ya leƙo ya ce, "Wato sai da Kaka ya mutu aka samu hotonsa. Da rai ba wanda ya isa."

Malamin ya yi dariya ya ce, "Alhaji, daga yau gara ba ta da iko da wannan littafi. Za a sa shi a ɗakin karatu wanda ba shi da bango, ba shi da ƙofa. Mutumin Makka zai karanta, mutumin ƙauyen Bogo zai karanta."

"Mutumin Bogo sai an kai masa wuta tukuna," in ji Yaya.

Ranar da zai tafi ya ba ni faifai mai ƙyalli a cikin gidan roba, ya ce duk littafin yana ciki. Ya ba ni wata takarda mai adireshin intanet da lambar wayarsa. Ya kuma ce in ci gaba da adana na asalin. Ina rubuta wannan ne don kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Ya faɗa, na ji.

Amma guntaye suka ci gaba da zuba. A wurinmu takardar da ke ɗauke da sunan Allah, in ta tsufa ta lalace, ba a yar da ita, ba a kuma bar ta tana wulaƙanta. Ana naɗe ta a binne a wuri mai tsarki. Haka na ga malamaina suna yi da tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani, bayan an kwafe sabo. Sai na ce a raina, to ai an kwafe. Yaya ya tambaye ni hukunci, ni kuwa na ba shi da bakina, har da jawo misalai. Ban yi shakka ko kaɗan ba.

Gwaggo ce kaɗai ta ja. Ta juya faifan a hannunta, ta duba fuskarta a ciki, ta ce, "Ɗan nan, madubi nake gani. Ina Baba a nan?"

"Yana ciki, Gwaggo. Na gani da idona."

"A wannan ka gani, ko a akwatin mutumin?"

"Duk ɗaya ne."

"To buɗe mini."

Ba mu da kwamfuta a gida. Na ce mata duk ranar da muke so sai a kai shago a buɗe, a ma buga mana a sabuwar takarda. Na yi niyyar yin hakan, Allah Ya sani. Na ce bayan Sallah, sannan na ce bayan rani.

Wata safiya muka naɗe littafin da farin alawayyo, muka turara shi, muka haƙa rami a gindin darbejiya a kusurwar da ba a bi, muka sa shi, muka jera duwatsu. Gwaggo ba ta fito ba. Faifan kuwa na sa shi a gafakar, a gurbin littafin, na mayar cikin adaka.

Ga kuskure na biyu. Al'adarmu ce, in damina ta ɗauke, a fito da littattafai a shimfiɗa su a rana don danshi ya fita. Tun da faifan ya gaji gafakar Kaka, sai na ba shi haƙƙin littafi. Kowace shekara nakan fito da shi in kwantar a tabarma, gefen mai ƙyalli yana kallon sama, tun hantsi har azahar, a zafin ranar Garwa. In na gama in goge shi da ƙyalle mai ɗan turare. Shekara huɗu ina yi.

A cikin waɗannan shekaru karatun Juma'a ya mutu. Da farko nakan ba Gwaggo abin da na tuna da ka, ita kuwa ta ce labari ba karatu ba ne, ta bar tambaya. Sai idonta ya tafi, ƙafafu suka kumbura, ta daina fita tsakar gida. Wata Juma'a ta aiko aka kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, na ji jikina. Ina so in ji addu'ar da Baba ya yi mini, da kalmominsa, ba naka ba. Je ka buɗe madubin nan naka."

Washegari na ɗauki gafaka na hau moto, babur ɗin haya, zuwa wani siber kusa da babbar kasuwa, irin shagon da ake shiga intanet a buga takardu. Mai shagon mace ce, Kirista, daga duwatsun arewa, kowa Madam yake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta da ado, amma tana isar da saƙo. Ta sa faifan a na'ura, ya yi gurnani ya fito. Ta hura shi, ta sa a wata, ya sake fitowa. Ta ɗaga shi wajen haske.

"Baba, ina ka ajiye wannan?"

"A gafaka, cikin adakar ƙarfe."

"Ya ga rana?"

"Duk shekara nake shanya shi," na ce, har da ɗan alfahari.

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Ka shanya shi? Kamar kuɓewa?" Ta fashe da dariya, ta kira maƙwabciyarta mai ɗinki ta zo ta ji. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Baba, rana yana kashe shi. Ba komai a ciki. Amma ba damuwa, kawo littafin, ni ma ina da na'ura, mu ɗauka sabo."

Na miƙa mata takardar adireshin. Ta buga shi sau uku, harafi bayan harafi, kowane lokaci sai farin shafi ya fito da layi ɗaya na Turanci. Ta ce ma'anarsa wurin babu shi. Ta kira lambar wayar, aka ce ba ta aiki. Sai a lokacin na gaya mata inda littafin yake. Ta dafe baki, ta jawo mini kujera.

Na gaya wa Gwaggo wai na'urar shagon ce ta lalace. Kwana uku bayan haka na hau mota zuwa Marwa. Lokacin tashin hankalin bakin iyaka ne, hanya cike da shinge, a kowanne sai an sauke mu an buɗe jaka. A wani shinge soja ya zaro faifan daga gafaka ya ce mene ne a ciki. Na ce, "Ɗana, in ka iya buɗe shi, wallahi har in mutu ina yi maka addu'a." Ya daɗe yana kallona, ya mayar mini.

Ofishin da malamin ya taɓa kwatanta mini na same shi a kulle, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Wani dattijo mai gadi ya ce Turawan da suke aikin tare sun kwashe tun da aka fara sace mutane a hanya, malamin kuma ya bi su ƙarin karatu, bai dawo ba. Ya tura ni wani ofis, can aka tura ni wani. A na uku wata sakatariya ta tausaya mini ta bincika. Ta ce kwamfutar da hotunan ke ciki ta ƙone wata rana da wuta ta dawo da ƙarfi, amma an aika da kwafi ƙasar waje. Na ce wace ƙasa, wane gari, wa zan tambaya? Ta ce wanda ya sani ba ya nan. Kwana biyu na yi a Marwa, ban iya cin abin kirki ba. A masallaci na yi ta roƙon Allah kamar mai roƙa wa mara lafiya.

Da na dawo, Madam ta aiko a kira ni. Ashe ba ta bar neman ba. Tsakanin masu zuwa buga takardun makaranta ta yi ta lalube har ta faɗa kan wani ɗakin karatu na wata ƙasa mai nisa. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Ga warƙar farko ta littafin Kaka, ƙarama kamar akwatin ashana. Na gane ta tun kafin in matso, saboda tabon man da ke kusurwa.

"Buɗe sauran," na ce.

"Ba ya buɗuwa, Baba. Sun ce sai mai bincike, sai ka faɗa jami'arka."

"Ce musu jikansa ne."

"Babu wurin jika a nan. Akwai farfesa, akwai ɗalibi."

Ta karanta mini abin da suka rubuta a ƙarƙashin hoton: littafin addini, da Larabci, ba a san marubuci ba. Mutumin da ya jera sunayen kakanninsa bakwai a warƙa ta biyu, shi ne ba a sani ba. Madam ta buɗe mini akwatin saƙo na intanet, muka rubuta musu wasiƙa, ina faɗa da Hausa tana juyawa da Faransanci. Nan take amsa ta zo, na yi hamdala, sai ta ce na'ura ce ta amsa, wai sun karɓa, za a duba. Ta buga mini ɗan hoton a takarda, ta ƙara masa girma, sai haruffan suka narke suka zama kamar sawun kaji a taɓo. Bisimilla kaɗai na iya karantawa, ita ma don na san tana wurin.

Mako biyu ina zuwa kullum, ba amsa, Gwaggo kuwa tana ƙara yin ƙasa. Wata safiya bayan Yaya ya tafi kasuwa na ɗauki fartanya na nufi gindin darbejiya. Na san bai kamata ba. Na kawar da duwatsu na haƙa, da na kusa sai na ajiye fartanya na ci gaba da hannu. Damina huɗu ta wuce a kansa. Na samu baƙar ƙasa mai laushi, da saiwoyi, da wani zare-zare da nake jin alawayyon ne. Na yi ta murza ƙasar a tafin hannu ko zan ga harafi ɗaya. A haka Yaya ya same ni, ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta. Mutumin da bai taɓa rasa abin tsokana ba, sai ya tsaya yana kallon ramin. Can ya ce, "Malam, mayar da ƙasar. Tare muka yi." Na ce, "Kai tambaya ka yi. Ni na ba da hukunci."

Juma'ar da ta biyo baya na yi abin da ya fi duka ba ni kunya. Na ɗauki takardar da Madam ta buga mini na shiga ɗakin Gwaggo, na zauna kusa da gadonta, ina motsa takardar don ta ji ƙararta. Na ce an buɗe, an buga. Ta ce alhamdu lillahi, ta gyara kwanciya. Na fara da ka, da muryar karatu. A baya na karanta warƙar Gwaggo ya fi sau ɗari, na ɗauka tana zaune a kaina. Na faɗi ranar haihuwa, na faɗi sunan ungozoma, na shiga addu'a: Allah Ya ba ta kunya, Ya ba ta haƙuri, Ya sa ta gama da iyayenta lafiya. Ina cikin tafiya ta ɗaga hannu.

"Ka tsallake."

"Ina, Gwaggo?"

"Bayan haƙuri akwai wani abu, kafin iyaye. Abu ne a kan ruwa. Duba da kyau."

Na ƙura wa takardar da ba komai a cikinta ido. Akwai wani abu a kan ruwa, ni ma na ji inuwarsa, amma ya ƙi zuwa.

"Mene ne, Gwaggo? Tuna mini."

"Da na riƙe shi zan aike ka? Ni dai in na ji shi zan gane shi." Ta miƙo hannu ta laluba ta kama takardar, ta shafa. "Warƙa ɗaya ce wannan. Ɗan nan, kai da furfurarka?"

Na gaya mata duka, da shanyar, da Marwa, da ramin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta saki takardar ta juya fuska wajen bango ta ce, "Tashi ka je, za ka rasa jam'i." Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta rasu a farkon damina, Allah Ya jiƙanta, ba ta ji addu'ar ba.

Tun daga nan na zauna na rubuta abin da na tuna, da tawada, da ajami. Warƙa goma sha ɗaya na samu, daga littafin da ya kai kaurin yatsu uku. Su ma ban san wace kalma ce ta Kaka, wace ce tawa ba. A warƙar Gwaggo na bar fili bayan haƙuri.

Mun sake rubuta wa ɗakin karatun nan sau biyar. Sau ɗaya mutum ya amsa, ya ce wanda ke kula da wannan sashe ya bar aiki, in an naɗa wani za a sanar da mu. Littafin yana nan, a cikin wata na'ura, a garin da ban iya faɗin sunansa ba, kuma ba abin da ya raba ni da shi sai izinin wanda ba a naɗa ba tukuna.

Watan jiya na je siber na tarar Madam tana ɗaure kwamfutoci da igiya. Ta ce kowa ya samu waya yanzu, ba mai shigowa, za ta koma garinsu ta buɗe shagon hatsi. Ta rubuta mini sunan akwatin saƙona da kalmar buɗe shi a bayan wata takarda.

"Baba, wannan kada ka shanya shi."

"Na ji. Me kuma yake so?"

"A riƙa buɗe shi. In ya daɗe ba a buɗe ba, suna rufewa, ko amsa ya zo ba za ka gani ba."

"Ya daɗe kamar yaya?"

Ta ce ba ta sani ba daidai. Na ce ta nuna mini yadda ake yi a wayata. Ta nuna sau uku, yatsana yana danna biyu a wuri ɗaya, haruffan bokon sun yi wa idona ƙanana. Mai motar da zai kwashe kayanta yana ta danna oda a waje. Ta ce in nemi wani a unguwa, ta ɗauki jakarta. Na tsaya a bakin shagon da takardar a hannu ina lissafa mutanen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zan iya zuwa wa duk mako ba tare da ya gaji da ni ba. Allah Ka sa a naɗa mutumin nan ina da sauran ido.